Saura Goma A Tasha: Lissafin Kujera Da Ke Kayar Da Yara Da Manyansu

Duk shekara, da zarar watan Zulhajji ya kama, tashoshin motar Arewa da ke Agege sukan cika maƙil tun da asuba. Fataken goro, da mahautan Oko-Oba, da 'yan canji, da masu gadi, da 'yan ga-ruwa, kowa ya ɗaure kayansa yana neman kujerar da za ta kai shi gida ya yi Sallah cikin dangi. Waɗanda suka fito gari ɗaya sukan haɗa kai su ɗauki shatar mota, domin sauƙin kuɗi da kwanciyar hankali a hanya. To, a nan ne wata tambaya takan taso, wadda a ido ba ta wuce ta 'yan aji huɗu na firamare ba, amma ta sha haɗa dattawa faɗa. Tambayar ita ce, mota nawa za a ɗauka?

A ce mutum 100 ne suka rubuta suna, kowace bas kuwa tana da kujerun fasinja 18. Sai uba ya kira ɗansa da ke zuwa boko ya ce ya buga masa lissafin. Yaro ya ɗauko takarda, ya raba 100 da 18, ya ɗaga kai cikin murna ya ce, "Baba, biyar ne, saura goma." Uban, wanda bai taɓa zama a aji ba, sai ya dube shi ya ce, "To, su goman nan fa? A Agege za su yi Sallah?"

Yaron bai yi kuskure a rabawa ba. Mota 5 za su ɗauki mutum 90, a bar 10. Amma ba a tambaye shi abin da rabawa ta bayar ba, an tambaye shi yawan motocin da za su kwashe kowa da kowa, amsar kuwa ita ce 6. Tsakanin "biyar saura goma" da "shida" akwai ɗan taki ɗaya, kuma a kan wannan takin ne yara da yawa ke faɗuwa a jarrabawa, manya kuma ke yin asarar kuɗi, wani lokaci har da ta rayuka.

Gari ne na masu tafiya

Ba abin mamaki ba ne wannan lissafi ya zama ruwan dare a Agege, domin tafiya ce ta kafa Zangon Hausawan garin. Hanyar jirgin ƙasa daga Ikko ta isa Ibadan a 1901, ta kai Kano a 1911, kuma Agege na ɗaya daga cikin tashoshin farko idan an baro Ikko. Da noman goro ya bunƙasa a gonakin Agege da kewayenta, sai fataken da kakanninsu suka saba zuwa Gwanja suka karkato Kurmi. Suna sayen goro, a ɗaure shi huhu-huhu, a loda a tarago zuwa Arewa, shanu kuma su gangaro Kudu. Tun daga wancan zamani mutumin Zango ya san cewa tarago yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma huhu ɗaya da ya ragu a dandamali sai ya jira wani jirgin.

Ababen hawa sun sauya. An yi zamanin manyan motocin katako, aka yi na Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, aka zo na dogayen bas-bas masu tafiyar dare. A watan Yuni 2021 aka buɗe sabuwar hanyar jirgin ƙasa ta Legas zuwa Ibadan, wadda ke da tasha a Agege. Amma tambayar ba ta sauya ba: ga mutane, ga kujeru, abin hawa nawa ake bukata?

Ba yaran Agege kaɗai ba

Kada iyaye su zaci 'ya'yansu ne kaɗai ke tuntuɓe a nan. A farkon shekarun 1980 an yi wata babbar jarrabawar gwaji a Amurka domin a auna ƙoƙarin 'yan makaranta a fannin lissafi, aka fitar da sakamakon a 1983. Cikin tambayoyin da aka yi wa yara 'yan shekara 13, akwai wadda ta shafi ɗaukar sojoji 1,128 zuwa filin horo a motocin da kowace ke ɗaukar soja 36. Aka ce su faɗi yawan motocin da ake bukata.

Idan aka raba 1,128 da 36 za a sami 31, saura 12. Kashi 70 cikin ɗari na yaran sun yi rabawar daidai. Amma kashi 29 cikin ɗari sun rubuta cewa ana bukatar mota "31 saura 12", kashi 18 suka rubuta 31 suka watsar da sojoji 12, kashi 23 ne kawai suka ce 32. Watau cikin kowane yara huɗu, da ƙyar aka sami ɗaya da ya tuna cewa sojojin nan 12 mutane ne masu ƙafafu da ke tsaye suna jiran mota.

Wani malamin jami'a a Kalifoniya mai suna Alan Schoenfeld ya yi ta kawo wannan misali a rubuce-rubucensa, yana nuna cewa yara kan ajiye hankalinsu na yau da kullum a ƙofar aji. Sukan tsinci lambobin da ke cikin tambaya, su zaɓi tarawa ko ɗebewa ko sau ko rabawa, su rubuta abin da ya fito, ba tare da sun koma kan labarin sun ga ko amsar ta yi ma'ana ba. Yaron da zai rubuta "mota biyar saura goma" a takarda, shi ne kuma idan aka aike shi tasha ba zai taɓa faɗa wa ɗan kamasho irin wannan magana ba, don ya san dariya za a yi masa.

Yadda ake yin lissafin

Hanyar ba ta da wuya, matakai huɗu ne. Na farko, a ƙirga duk wanda zai zauna. Na biyu, a ƙirga kujerun da ke cikin mota ɗaya waɗanda fasinja zai iya zama a kai. Na uku, a raba yawan mutane da yawan kujeru. Na huɗu, a dubi ragowar. In babu ragowa, abin da rabawa ta bayar shi ne amsa. In kuwa akwai ragowa, komai ƙanƙantarta, sai a ƙara mota ɗaya.

Bayan haka sai a gwada amsar da sau. Mota 5 sau kujeru 18 sun ba da 90, ba su kai 100 ba. Mota 6 sau 18 sun ba da 108, sun ishi 100 har da rarar kujeru 8. Amsar da ta dace ita ce mafi ƙanƙantar adadin motocin da kujerunsu suka kai yawan mutanen ko suka zarce.

Akwai ramuka huɗu da ake yawan faɗawa a kan wannan hanya. Na farko shi ne dokar da aka koya wa yara ta cike lamba, cewa in ragowa ta kai rabi a ɗaga ta sama, in ba ta kai ba a zubar. Wannan doka tana da amfani wajen awon tsawo ko nauyi, amma ba ta aiki a kan kujera. Da mutum 91 ne za su tafi, rabawa za ta ba da 5 saura 1. Mutum ɗaya cikin 18 bai ko kusa da rabi ba, amma duk da haka mota 5 ba za su ɗauke shi ba.

Rami na biyu kishiyar na farko ne. Yaron da aka yi wa bulala a kan ya manta ƙara ɗaya yakan ɗauki ƙarin a matsayin farilla, sai ya ƙara ko da babu ragowa. Mutum 90 a motoci masu kujeru 18, mota 5 ne cif, wanda ya kira ta shida ya jawo wa jama'a biyan kuɗin mota wofi.

Rami na uku shi ne mantawa da waɗanda ba su cikin jerin sunaye amma suna cin kujera. Akwai direba na biyu a doguwar tafiya, akwai yaron mota, akwai malaman da ke rakiyar ɗalibai, sa'an nan akwai kayan da kan cinye kujerar baya. Haka kuma yaron da ya wuce goyo, tafiyar da ta fi kilomita 900 daga Legas zuwa Kano ba ta yiwuwa a kan cinyar uwarsa, kujera yake bukata.

Rami na huɗu ya fi sauran ɓoyuwa. A ce mutum 90 ɗin nan maza 50 ne da mata 40, kuma an yanke shawarar kowane jinsi da motocinsa, kamar yadda aka saba a rakiyar amarya ko zuwa Maulidi. In aka haɗa su aka raba, mota 5 ne. Amma maza 50 suna bukatar mota 3, domin 2 za su ɗauki 36 a bar 14. Mata 40 su ma suna bukatar 3, domin 2 za su bar 4. Jimla mota 6 ke nan. Dokar ita ce, duk rukunin da ba za a cakuɗa shi da wani ba, sai a yi masa lissafinsa dabam, a cike nasa, sa'an nan a tara.

Ba kowace ragowa ake ɗagawa ba

Abin da ya sa wannan darasi yake da wuyar koyarwa shi ne, ba za a iya ce wa yaro kullum ya ƙara ɗaya ba. Labarin da ke cikin tambaya shi ne ke faɗin makomar ragowa, kuma kasuwar Agege cike take da misalai.

Mai goro ya san ƙwarya ɗaya goro 100 ce. In yana da goro 750, ƙwarya 7 zai sayar, sauran 50 su zauna a faifai. Ba zai kira su ƙwarya 8 ba, don mai saye zai ƙirga. Haka tela mai yadi 23, in kowace riga tana cin yadi 5, riga 4 zai fitar, yadi 3 ya zama ƙyalle. A irin waɗannan wurare ƙasa ake saukowa, domin tambayar ita ce nawa ne suka cika.

Wani lokaci kuma ragowar ce ake rabawa. Mudu 10 na shinkafa tsakanin gidaje 4, kowane gida ya sami mudu 2 da rabi, domin mudu yana rabuwa. Mutum kuwa ba ya rabuwa, mota ma haka.

Waɗanda suka yi karatun zaure sun san wani misali a babin zakkar dabbobi cikin Risala. Mai tumaki 40 zai fitar da akuya ko tunkiya ɗaya, kuma haka zai ci gaba da fitarwa har su kai 120, sai sun kai 121 sa'an nan ya fitar da biyu. Abin da ke tsakanin nisabi biyu, wanda malamai ke kira waƙasi, ba a fitar masa da wani ƙari. Almajirin da ya fahimci wannan ya riga ya san cewa ragowa tana da hukunci, kuma hukuncin yana bin abin da ake magana a kai.

Saboda haka tambayar da ya kamata yaro ya yi wa kansa kafin ya ajiye alƙalami ita ce, wannan ragowar mece ce? In goro ce, sai ta jira gobe. In shinkafa ce, sai a raba. In mutum ne, sai a nemo masa wurin zama.

Wa zai biya kujerar wofi?

Ƙara mota ta shida ya warware matsalar mutum 10, amma ya haifar da wata, watau kujeru 8 da babu kowa a kansu. Mai mota ba ruwansa, kuɗin shata cikakke zai karɓa. A nan ne ma'ajin ƙungiya kan shiga uku.

A ce don misali kujera ɗaya Naira 30,000 ce, watau shatar mota ɗaya 540,000. Mota 6 sun kama 3,240,000. In ma'aji ya karɓi 30,000 daga kowane mutum cikin mutum 100, abin da zai tara 3,000,000 ne, ya rage giɓin 240,000. Ran tafiya ɗan kamasho ya ce mota ba ta tashi sai an cika kuɗi, jama'a kuma su ce kowa ya biya abin da aka yanka masa, sai a fara kallon ma'aji da ido ɗaya. Alhali bai ci ko kwabo ba, kuɗin kujeru 8 ne ba a raba wa kowa ba. Da tun farko an raba 3,240,000 da mutum 100, da kowa ya san 32,400 ne a kansa, a rabu lafiya.

Wanda ya yi lissafinsa da wuri yana da zaɓi. Yana iya neman ƙarin mutum 8 daga maƙwabtan garinsu su cike kujerun, kuɗi ya sauko wa kowa. Yana iya ɗaukar bas 5 da ƙaramar mota ɗaya ko biyu domin goman da suka ragu, in hakan ya fi araha. In kuwa ragowar mutum ɗaya ne ko biyu, sai a saya musu kujera a motar haya da ke lodi. Dukan waɗannan dabaru halal ne. Abin da bai halatta ba shi ne a yi kamar ragowar ba ta nan.

Masu hidimar biki ma su kula. A Legas da dozin ake hayar kujerun roba. Baƙi 150 in aka raba da 12, za a sami 12 saura 6, watau dozin 13 ake bukata. In tebur 8-8 za a zauna, 150 za su ci tebur 19, domin 18 sun tsaya a 144. Mutum shidan da za a bari a tsaye, wataƙila cikinsu har da waliyyin ango.

Idan aka cusa ragowa

Akwai amsa ta uku da ba a rubutawa a takardar jarrabawa amma ana aikata ta a tasha, ita ce a cusa goman nan cikin mota biyar, kowace ta ƙara mutum biyu. Mutanen Ikko sun san wannan lissafi sarai. Waɗanda suka yi zamanin molue ba su manta yadda na tsaye kan fi na zaune yawa ba, wasu ma a rataye a bakin ƙofa.

Yawan kujerun da aka rubuta wa mota ba don ado ba ne. An auna shi ne da ƙarfin taya da birki da ƙafafun motar. In lodi ya wuce ƙa'ida, taya takan yi zafi ta fashe, birki yakan ɗauki tazara mai tsawo kafin ya tsai da mota, kuma motar da aka jibga wa kaya a sama takan yi saurin kifewa a kwana. Wannan ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, ta sa ɗaukar lodi fiye da kima cikin laifuffukan da take cin tara a kansu.

A ruwa abin ya fi muni. A ranar 30 ga Nuwamba 2021 wani kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano. Ya taso ne daga ƙauyen Badau, akasarin waɗanda ke ciki kuwa ɗaliban Islamiyya ne da za su je Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, hukumomi kuma suka ɗora alhakin a kan yawan lodi. Allah Ya jiƙansu. Duk inda mutane suka fi abin hawa yawa, sawu na biyu shi ne amsa, ko da za a makara. Garin neman gira ba a yarda a rasa ido.

Benci nawa a aji?

Wurin da wannan lissafi ya fi shafar yara shi ne ajin da suke zaune a ciki. Benci ɗaya yana ɗaukar yara 3. Aji mai yara 40 yana bukatar benci 14, domin 13 za su zaunar da 39, na arba'in ya zauna a ƙasa. To, a ce makaranta tana da irin waɗannan azuzuwa 6. Mai lissafin ofis zai tara yaran su zama 240, ya raba da 3, ya ba kafinta aikin benci 80. Amma kowane aji da ɗakinsa, ba a raba benci biyu a kai rabi wani ɗaki. Abin da ake bukata shi ne 14 sau 6, watau 84. Wannan shi ne ramin nan na maza da mata, ya sake bayyana da wata riga.

Tarihin ilmi a ƙasar nan ya nuna abin da ke faruwa idan kujera ta gaza yara. A watan Satumba 1976 Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. An yi tanadi domin yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, amma waɗanda suka zo sun kai wajen miliyan 3. Babu ƙidaya tabbatacciya da za a dogara a kai, domin an soke ta 1973, sa'an nan yaran da suka wuce shekarun shiga makaranta su ma suka yi tururuwa. Sakamakon haka aka yi ta karatu a gindin itatuwa. Darasin da ke nan shi ne na matakin farko: in ƙirgen mutane bai yi daidai ba, rabawa komai kyanta ba ta da amfani.

A Legas kuwa ƙarancin azuzuwa ya sa aka riƙa karatun kamɓa-kamɓa, wasu yara su zo da safe, wasu da rana, wasu da yamma, a ɗaki guda. Alhaji Lateef Jakande, wanda ya yi Gwamna daga 1979 zuwa 1983, shi ne ya soke wannan tsari ta hanyar gina dubban azuzuwa masu sauƙin kuɗi. An yi ta sukar gine-ginen cewa ba su da kyan gani, amma abin da ya yi shi ne abin da uban nan na tasha ya faɗa: in akwai saura, a ƙaro mota.

Hatta kujerar Makka da wannan ma'auni ake jigilarta. A 2023 Saudiyya ta ba Nijeriya kujeru 95,000. Da a ce kowane jirgin sama yana ɗaukar mutum 400, rabawa za ta ba da sawu 237 saura mutum 200, watau sawu 238. Tun da kuwa kowace jiha da sansaninta da filin jirgin da take tashi, sawun da za a yi a zahiri zai fi haka.

Waya ba ta san mutum ba

Wasu za su ce ai kowa na da kalkuleta a wayarsa. Gaskiya ne, amma in aka buga 100 a raba da 18, abin da waya za ta nuna shi ne 5.555 da wasu biyar-biyar a bayansu. Ba za ta ce mota 6 ba. Wanda bai gane ba ma yana iya ɗaukar lambar da ke bayan ɗigo a matsayin mutum 5 da suka ragu, alhali 10 ne. Hanyar gano ragowa ita ce a ɗauki lambar da ke gaban ɗigo, watau 5, a yi sau 18, a ɗebe daga 100.

Masana lissafi sun ba wannan aiki suna. A 1962 wani masanin kwamfuta ɗan Kanada mai suna Kenneth Iverson ya fito da alamomi biyu, ya kira ɗaya da sunan rufin ɗaki, ɗayar da sunan daɓe. Lamba kamar 5.555 tana tsakanin daɓe, watau 5, da rufi, watau 6. Mai goro daɓe yake kallo, mai shatar mota kuwa rufi. Masu tsara manhajar kwamfuta suna da wata dabara da kowa zai iya amfani da ita: a ƙara wa yawan mutane yawan kujeru ba ɗaya, a raba, a zubar da ragowa. Mutum 100 da 17 sun zama 117, a raba da 18 a sami 6. Mutum 90 da 17 sun zama 107, a raba a sami 5. Dabarar ba ta kuskure, amma ita ma sai mutum ya fara sanin cewa rufi yake nema.

Aikin iyaye

Yaron Zango yana rayuwa da harsuna uku. Hausa a gida, Yarbanci a titi, Ingilishi a aji. Tambayoyin lissafi masu labari da Ingilishi suke zuwa, a jarrabawar ƙarshen zango da ta shiga sakandare. Sau da yawa ba rabawar ce ke kayar da yaro ba, labarin ne bai shiga kansa ba, sai ya kama lambobi ya bar zancen.

A nan uba ko uwa da ba su yi boko ba suna da rawar da za su taka. Idan yaro ya zo da aikin gida, a sa shi ya ba da labarin tambayar da Hausa kafin ya taɓa alƙalami: su wane ne, ina za su, me aka tambaya. In ya gama, a sa shi ya faɗi amsar da cikakkiyar magana, kada ya ce "shida" kawai, ya ce "ana bukatar mota shida". Wanda aka tilasta wa faɗin "ana bukatar mota biyar saura goma" da bakinsa, shi da kansa zai ji maganar ba ta zauna ba. Ga ƙananan yara kuwa, a ɗauko ƙwallayen dabino ko duwatsu a matsayin fasinja, murafan kwano a matsayin motoci, a bar su su yi lodi da hannunsu har su ga waɗanda suka ragu a tabarma.

Ga tambayoyi huɗu da za a iya gwada yara da su bayan sallar Isha'i. Mata 20 za su je suna, kowane Keke Napep zai ɗauki 3, keke nawa za a tsayar? Ɗalibai 120 da malamai 4 za su je musabaƙa a motoci masu kujeru 30, mota nawa? Mutum 72 a motoci masu kujeru 18, mota nawa? Mai kaji ya tsinci ƙwai 200, kowane kiret yana cin 30, kiret nawa ne za su cika, kuma kiret nawa yake bukata don ya kwashe duka?

Amsar ta farko 7 ce. Ta biyu 5, domin malamai ma zama za su yi. Ta uku 4, babu ƙari. Ta huɗu kuwa amsa biyu gare ta, kiret 6 ne za su cika, amma 7 yake bukata.

Yaron da ya ci huɗun nan, a ba shi takardar sunayen matafiya ta Sallah mai zuwa ya yi wa ƙungiya lissafi. Dattawa su zauna kusa su tuna masa da yaron mota, da kayan da za su ci kujerar baya, da kuma tsohon nan da ba ya rubuta suna sai ran tafiya ya iso tasha da jakarsa. Allah Ya kai kowa gida lafiya.